Ma'aikatan Maharazu Uku

Ranar da Maharazu ya dawo daga Katsina da sababbin manhajoji uku a cikin kwamfutarsa, ko akuyar da ke kwance a bakin tashar Jibiya sai da ta ji labari.

Shi dai Maharazu ba ma'aikacin kowa ba ne, kuma ba ya gajiya da faɗar haka. Tebur gare shi a wata rumfa kusa da inda motocin Maraɗi ke lodi, da kwamfuta, da injin buga takarda mai tari kamar tsohon mashayin taba. Katin aure, katin suna, wasiƙar neman aiki, hoton takardun direbobin da za su ƙetare iyaka, duk shi ke yi. Aikin yana fita da kyau, wannan kam ba a hana shi ba. Bakin ne dai ya fi aikin girma.

"Luka," ya ce wa mai facin tayar da suke maƙwabtaka, "daga yau ka iya bakinka. Na ɗauki ma'aikata uku."

Luka ya ajiye guduma, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin tebur. "Ina ka ɓoye su, Injiniya?"

"Ga su nan a ciki. Wannan Sakatare ke nan. Allo ne mai gida uku: abin da za a yi, abin da ake yi, da abin da aka gama. Duk sunan da ya taɓa shiga cikinsa yana nan har tashin duniya. Har tsofaffin ayyukana na juye masa. Wannan Dogari, shi ke tsaron lokaci. Kowane aiki da mintocinsa, da sun cika sai ya buga ƙararrawa. Na ukun kuwa Masinja. In na ce masa ƙarfe kaza, ko ina kan sallaya sai ya aika wa mutum dubu saƙo."

"Suna cin abinci?"

"Ba sa ci."

"To ka dace. Don ko 'yan Adam ne haka za ka riƙe su."

Maharazu bai kula shi ba, domin akwai abin da ke ransa. Hajiya Barira, shugabar matan da ke fataucin aya da wake tsakanin Maraɗi da Jibiya, tana son a yi wa matan ƙungiyarta ɗari biyu katin shaida. Da can niyyarta ta kai aikin Katsina. Sai ta ce bari ta gwada ɗan gida tukuna da katin auren 'yarta, in ya burge ta aikin ƙungiya nasa ne. In kuwa aikin nan ya shigo hannu, Maharazu ya yi ban kwana da rumfa. Har ya riga ya zaɓi shagon da zai kama a bakin titi, mai ƙofar gilashi da fanka, ya kuma zaɓi kusurwar da zai riƙa zama yana ɗaga wa Luka hannu daga nesa.

"Ka san abin da ya hana Jibiya ci gaba?" ya ce. "Gaisuwa. Ina kwana, ina gajiya, ina iyali, ya ruwa, ya hanya, ya kwana biyu. Na auna, awa huɗu take ci min kullum. Daga yau kowa minti biyar gare shi. Aikin mako zan riƙa yi a wuni guda."

"Sauri dai ya haifi nawa," in ji Luka.

"Wannan kafin a ƙera kwamfuta ne."

Wanda ya fara faɗawa hannun Dogari shi ne Baba Filemon, wani dattijon manomi daga Farfaru, da ya zo a buga masa wasiƙar bikin godiya na cocinsu. Ya jingine kekensa, ya zauna a hankali, ya cire hula ya share gumi.

"Maharazu, mun kwana lahiya?"

"Lafiya, Baba. Gajiya babu, iyali lafiya, ruwa ya yi gyara, hanya lau, har wanda ba ka tambaya ba shi ma lafiya. Me za a buga?"

Tsohon ya dube shi kamar wanda aka watsa wa ruwan randa. Amma da yake dattijo ba ya barin gaisuwa a rabi, sai ya koma farko. Ya tambayi mahaifiyar Maharazu, ya tambayi ciwon ƙafarta, ya tambayi ko ta samu man da ya aiko mata. Yana cikin lalubar takardar a aljihun riga sai ga ƙararrawa, ƙirrr!

"Lokacinka ya cika, Baba. Sakatare ya ce akwai gurbi ran Laraba, sha ɗaya da minti goma."

"Da hantsi ke nan?"

"Sha ɗaya da minti goma."

Baba Filemon ya mayar da hularsa. "Shekara talatin ina cinikin gero da ubanka, bai taɓa kaɗa mini ƙararrawa ba. Ashe da rabon in ji ta ga ɗansa." Ya hau kekensa ya yi gaba, ko waiwaye babu.

"Ka ga?" Maharazu ya ce wa Luka. "Minti ashirin na tsira da su."

"Ka adana su da kyau, kada ɓera ya ci."

Jim kaɗan wani direba ya shigo da gudu, a yi masa hoton takardar mota, layi ya kusa zuwa kansa a bakin iyaka. Ya tarar da Maharazu ya miƙe ƙafa a kan tebur, ido rufe.

"Malam, don Allah sauri!"

"Hutu nake. Dogari ya ba ni minti biyar, saura huɗu."

"Aikin ai na minti ɗaya ne!"

"To ka ga in na yi shi, hutun ya zama na huɗu ke nan. Tsari ya lalace."

Direba ya faɗi wata magana da ba ta shiga littafi, ya tsallaka titi wajen wani mai injin. Haka aka yi kwana uku. Mutane suka ragu, lokaci kuwa ya yi ta taruwa a rumfar Maharazu har ya rasa inda zai sa shi.

Ranar Asabar da hantsi sai ga Hajiya Barira. Mace ce mai jiki da kwarjini, wadda in ta yi magana a tasha har 'yan kamasho sai su rage murya. Maharazu ya kakkaɓe mata kujera da hularsa, ya kuma yi mata alfarmar da bai yi wa kowa ba, ya ce wa Dogari minti bakwai.

Ta faɗi ranar ɗaurin aure, ta faɗi masallaci. Da aka zo kan ango ta ce, "Yaron gidan Alhaji mai taya na Magama, babban."

"Lawwali ke nan," in ji Maharazu, yana bugawa. "Sai amarya. Sunanta?"

Hajiya ta gyara mayafi. "Yarinyar nan dai."

"Wacce?"

"Haba Maharazu. Ta wajena mana."

To, duk wanda ya sha nonon Bahaushiya ya san inda aka dosa. 'Yar fari ce, kuma Hajiya irin matan nan ne na da, ko da wuƙa ba za ka ji sunan a bakinta ba. Da a makon jiya ne, Maharazu kansa da ya gane. Da ya yi dariya, ya aika a sayo mata lemo, su yi ta hira har wani ya gifta ya faɗi sunan. Amma yau idonsa na kan Dogari, wanda ya nuna saura minti biyu.

"Bari Nagoggo ƙanwata ta iso," Hajiya ta ce. "Tana can wajen masu canji, ita za ta faɗa maka."

"Hajiya, wace Nagoggo kuma ana zaune ƙalau? Ai zamanin jiran Nagoggo ya wuce. Sakatare ya san 'yarki."

Ya buga sunan Hajiya Barira. Nan take allo ya kawo masa: 'ya, Zulfa. Har da jerin lambobin waya ɗari uku da goma sha biyu na waɗanda aka taɓa gayyata.

"Ga ta nan ta fito! Ba sai kin buɗe baki ba. Har mutanen da za a gayyata yana da su."

Hajiya ta yi ajiyar zuciya, daɗi ya kama ta. "Kai, madalla da wannan abu. Ka hutar da ni, Allah ya hutar da kai. Ashe har kunya ya sani."

"Kaɗan ma kika gani. Jibi Litinin ƙarfe goma daidai, kati zai shiga wayar kowa, daga nan har Maraɗi. Ko takarda ɗaya ba za a ɗauka a kai gidan wani ba."

Ƙirrr! Hajiya ta tashi tana sa albarka.

Abin da Maharazu bai sani ba, 'ya'ya mata biyu gare ta. Babbar, Salmatu, ta daɗe a Katsina tana karatun jinya, bai ma taɓa ganinta ba. Zulfa ƙanwa ce, kuma shi da hannunsa ya buga katin aurenta bara. Gaskiya yana cikin zana furanni a gefen katin abin ya ɗan taɓa masa zuciya. Anya ba a yi bikin wata Zulfa ba kwanan baya? Sai ya ce a ransa, in ma auren ya mutu ai ba a kanta aka fara ba. Kafin ya ƙara wani tunani Dogari ya buga, ya ja katin ya jefa a gidan abin da aka gama. Katin kuwa ya yi kyau, tubarkalla. Zulfa da Lawwali, da ruwan zinariya.

Litinin ƙarfe goma Masinja ya cika aiki. Maharazu ya miƙe tsaye ya yi shela.

"Jama'a, mutum ɗari uku da goma sha biyu cikin ƙiftawar ido! Wa ya taɓa yin haka a garin nan?"

Daga nan ya ce wa Dogari awa biyu na zurfin aiki. A irin wannan lokaci Dogari yakan toshe bakin waya, ba kira ba saƙo. Maharazu ya kife ta a tebur, ya duƙufa yana canza wa gidajen Sakatare launi, tunda wani aikin babu.

Luka na cikin waɗanda aka gayyata bara, don haka tasa wayar ta yi ƙara. Ya goge hannu ya duba. Ya sake dubawa. Ya matso da ita kusa da hanci.

"Injiniya."

Maharazu ya ɗaga masa tafin hannu, bai ko ɗago kai ba.

"Injiniya, wallahi magana ce."

"Sai Dogari ya buga."

"Katin nan..."

"Na san ya yi kyau. Ka riƙe yabon zuwa sha biyu."

Luka ya ce, "To. Wanda bai ji bari ba ya ji hoho." Ya jawo bencinsa ya ajiye a inuwa daidai inda zai ga komai, ya sayi gyaɗa ya zauna.

Kafin sha ɗaya tasha ta ɗauka. Mata masu wucewa sai su tsaya, su dubi waya, su dubi rumfar Maharazu, su riƙe haɓa. 'Yan acaba suka fara taruwa a gefe. Wata tsohuwa mai fura ta ce ita dama tun ranar suna ta ga alamar auren nan ba zai yi ƙarko ba. Wata ta ce ƙarya ne, jiya jiya ta ga mijin ya sayo tsire. Maharazu ya saci kallonsu ta gefen ido, ya ji kansa ya ƙara girma.

"Ka gani, Luka? Suna ya fara fita."

"Ya fita kam," in ji Luka, yana ɓare gyaɗa.

Sai ga wata babbar mota shaƙe da kaya ta taho daga wajen iyaka, ta ci burki a gaban rumfa har injin buga takarda ya girgiza. Wani dogon mutum ya diro. Zunnuraini ke nan, mutumin Maraɗi mazaunin Jibiya, mijin Zulfa.

"Wane na Maharazu?"

Hannu ashirin suka nuna masa.

"Malam, in aiki ne sai ka nemi gurbi," Maharazu ya fara. "Sakatare ya ce..."

"Kai ne ka kashe mini aure?" Ya danna masa waya a fuska. "Da sahe na bar matata tana yi ma jinjiri wanka. Ina bisa layin duwan, wajen 'yan kwastan, da kamyona, motar nan tawa, sai ga tsohuwata ta kira daga Maraɗi tana kuka, wai mi na yi ma ɗiyar mutane har aka ba wani ita! Dangina kaf sun samu katin. Har kawuna da ke asibiti!"

Duk da haka bakin Maharazu bai mutu ba. "Ka kwantar da hankalinka. Kwamfuta ba ta ƙarya. Wataƙila akwai abin da ba a sanar da kai ba tukuna."

Mutum uku ne suka riƙe Zunnuraini.

Ana cikin haka sai ga Zulfa da goyo a baya, mayafi a hannu. "Malam Maharazu, sannu da aiki. Yaushe aka sake ni ban ji ba? Har na yi idda ban sani ba?"

Bayanta kuma ga Lawwali a kan babur, fuska duk gumi. "Ni yayarta nake nema, jama'a! Yayarta! Yanzu abokaina sai kirana suke suna cewa ashe ni ɓarawon matan mutane ne."

"Kowa ya yi layi," in ji Maharazu. "Minti biyar biyar."

Taron ya dare biyu. Hajiya Barira ce ta iso, ba ta sauri, kuma wannan ya fi ban tsoro. A bayanta akwai wata doguwar budurwa cikin fararen kayan asibiti, ta sunkuyar da kai don kunya.

"Maharazu," Hajiya ta ce a hankali. "Me na yi maka?"

"Hajiya, Allah ya ba ki haƙuri, amma a bi abin a tsari. Kin ce 'yarki. Na tambayi Sakatare 'yarki, ya ce Zulfa. Ga shi nan a rubuce."

"Na ce maka ka jira Nagoggo."

"Ai Nagoggo mutum ce, tana iya mantuwa. Shi kuwa Sakatare ba ya yi. 'Ya ɗaya ya nuna min." Ya juyo da kwamfutar wajen jama'a don su shaida. "Ku duba da idonku. In da akwai wata, da tana ciki. Wadda ba ta cikin nan, to babu ita."

Kai, wannan magana ita ta ɓalle wa Hajiya linzami.

"Babu ita? Ni za ka kalla ka ce babu ita? Wadda na kwana biyu ina naƙudarta? Wadda na yi ta dakon aya a ka har ta gama karatu? Salmatun ce babu? Salmatu tawa?"

Sai ta ji abin da ya fito daga bakinta. Ta sa hannu biyu ta toshe shi, amma ina, ya riga ya fita, kuma duk tasha ta ji.

Ido duk ya koma kan Salmatu. Budurwar mai fararen kaya ta ɗago kai, ido ya cika da ƙwalla. Shekararta ashirin da takwas, "ke" da "yarinyar nan" kawai ta sani. Ba ta taɓa jin sunanta a muryar uwarta ba sai yau, a tsakiyar tasha, gaban 'yan acaba. Daɗi da kunya suka haɗu suka shaƙe ta, tana dariya tana hawaye.

"Inna," ta ce, "ashe kin san shi?"

"Rufe min baki, ke yarinyar nan," in ji Hajiya, tana goge nata idon da bakin mayafi.

Tsohuwa mai fura ta rangaɗa guɗa. Jama'a suka fashe da dariya, har Zunnuraini sai da ya juya baya don kada a ga haƙoransa. Maharazu da ya ga iska ta ɗan sauya, sai ya gyara hula.

"To kun gani? Abin da ya gagari dangi shekara ashirin da takwas, ma'aikatana sun yi shi a safiya ɗaya. Hajiya, maganar katin ƙungiya kuma, ranar da za a fara ɗaukar hoto..."

"Katsina," in ji Hajiya.

"Na'am?"

"Katsina za a kai. Mata ɗari biyu gare ni, kowacce da mijinta. Ba ni da ƙarfin raba su in sake aurar da su. Ka kunyata ƙaramar, ka sa na kunyata kaina a kan babbar. Ya isa."

Nan fa ƙofar gilashi da fanka suka tashi sama yana kallo. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, don ya riga ya gaya wa mahaifiyarsa har launin fentin shagon. Ya jawo kwamfutar gabansa.

"To bari in gyara. Minti ɗaya, Masinja zai aika wa kowa cewa kuskure ne."

"Ka sake taɓa abin nan in karya shi," in ji Zunnuraini. "Tsohuwata da hawaye ta yi kuka, ba da waya ba. Da ƙahwarka za ka tai Maraɗi, ka durƙusa gabanta, ka hwaɗa mata da bakinka. Daga nan sai gidan kawu, sai gidan gwaggo, har mu gama dangi."

"Su nawa ne?"

"Gida arba'in da ɗaya. Tashi mu tai."

"In ka dawo kuma Magama na jiranka," in ji Lawwali.

Zunnuraini ya ce gaban motarsa ba ya ɗaukar mai raba aure, don haka a bisa kaya aka ɗora Maharazu, ya rungume igiya da hannu biyu, babbar riga na kaɗawa. Mota ta tashi. Da ya ga duk tasha ta ɗaga kai tana kallonsa a can sama, sai wani abu ya motsa masa. Ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Luka! Duk wanda ya zo nemana, ka ce masa Injiniya ya tafi aiki ƙasar waje!"

Luka ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa, ya dubi rumfar da babu kowa a ciki.

"Zan faɗa, Injiniya," ya ce. "Amma wa zai zo?"